Daddawa Ma da Wari: Fasa-ƙwaurin Barasa a Amurka Zamanin Hani

Tsawon shekara goma, daga 1920 zuwa 1930, akwai wani mutum mai suna George Cassiday da yake shiga ofisoshin 'yan majalisar tarayyar Amurka a Washinton kusan kullum, riƙe da jakar hannu mai nauyi. Kwalaben barasa ne a ciki. Tsohon soja ne da ya dawo daga Yaƙin Duniya na Ɗaya bai sami aikin kirki ba, aka haɗa shi da wasu 'yan majalisa biyu masu neman wanda zai riƙa kawo musu abin sha, daga nan kasuwa ta buɗe. Har ɗaki ya samu a ginin ofisoshin Majalisar Wakilai inda yake ajiye kaya. A 1925 aka kama shi sanye da wata koriyar hula, 'yan jarida suka laƙaba masa suna da ita, aka hana shi shiga ginin. Ko a jikinsa. Ya tsallaka ginin 'yan Majalisar Dattawa ya ci gaba da sana'arsa har wata shekara biyar. Da aka sake kama shi, sai ya zauna ya rubuta labarinsa a jaridar Washington Post a watan Oktoba na 1930, ana gab da zaɓe, ya ce a lissafinsa huɗu cikin kowane 'yan majalisa biyar suna sha. Bai kama sunan kowa ba, bai kuma buƙaci haka ba. Kowa ya san waɗannan su ne masu ɗaga hannu a zauren majalisa duk lokacin da aka zo ƙara wa dokar hana barasa tsanani.

In aka ambaci wannan zamani, abin da ke faɗo wa mutane a rai shi ne Al Capone da bindigogi da baƙaƙen motoci, saboda abin da finafinai suka nuna ke nan. Ni kuwa ina ganin mai koriyar hula ya fi Capone bayyana yadda lamarin yake. Fasa-ƙwauri ciniki ne, ciniki kuwa sai da mai saye. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ga mafi yawan masu karanta wannan rubutu, hukuncin giya sananne ne, ba shi ne abin tattaunawa a nan ba. Abin tambaya shi ne yadda dokar da jihohi 46 cikin 48 na lokacin suka amince da ita ta zama gonar da 'yan ta'adda suka fi ci a tarihin ƙasar, har ta zama gyara ɗaya tilo da aka taɓa sokewa daga kundin tsarin mulkin Amurka.

Waɗanda suka nemi hanin ba shirme suke yi ba. A wajajen 1830, abin da baligi ɗaya yake sha a Amurka a shekara ya kai kusan ninki uku na abin da ake sha yau. Mashaya ta zama zauren maza, wurin da lebura yake karɓar albashinsa ranar Asabar ya bar rabinsa a kan kanta kafin ya isa gida. Matar da ke jiransa ba ta da ƙuri'a, a wurare da dama dukiyarta ma a hannunsa take, ga dukan da za ta sha in ya dawo a buge. Shi ya sa mata suka ɗauki gwagwarmayar a ka. Ƙungiyar mata Kiristoci masu yaƙi da shaye-shaye ta kafu a 1874, kuma a farkon ƙarni na ashirin wata dattijuwa, Carry Nation, ta riƙa shiga mashayun jihar Kansas da ɗan gatari tana farfasa kwalabe da madubai. Amma wanda ya kai abin ga doka shi ne Wayne Wheeler, lauyan ƙungiyar yaƙi da mashayu da aka kafa a Ohio a 1893. Dabararsa ɗaya ce: ba ruwansa da jam'iyyar ɗan takara, ba ruwansa da ko ɗan takaran yana sha a gidansa, abin da yake so kawai shi ne ƙuri'arsa a majalisa. Wanda ya ƙi, a tara masa masu zuwa coci su kayar da shi a zaɓe mai zuwa. Dabarar ta yi aiki ƙwarai, sai dai ita ce ta cika majalisa da mutanen da Cassiday zai riƙa kai wa jaka daga baya.

Abu biyu suka share wa Wheeler hanya. Kafin 1913, kusan kashi ɗaya bisa uku na kuɗin shigar gwamnatin tarayya daga harajin barasa yake fitowa, don haka ba mai hankalin da zai yanke wannan reshe. A shekarar aka halatta harajin samu, gwamnati ta sami wata rijiya. Sannan a 1917 Amurka ta shiga yaƙi da Jamus, manyan masu kamfanonin giya kuwa, irin su Busch da Pabst da Schlitz, duk asalinsu Jamusawa ne, sai shan giyarsu ya koma kamar rashin kishin ƙasa. A ƙarƙashin wannan duka akwai tsamar da ke tsakanin 'yan ƙasa mazauna karkara mabiya Furotestan da baƙin da suka cika birane, 'yan Italiya da Ailan da Yahudawan gabashin Turai, waɗanda giya take cikin cimarsu ta yau da kullum. An amince da gyara na 18 na tsarin mulki, wanda ya hana barasa, a watan Janairun 1919, ya fara aiki ranar 17 ga Janairu, 1920. Mutane da yawa sun ɗauka barasa mai ƙarfi kawai za a hana, a bar musu giyar kwalba da ta inabi. Da dokar aiwatarwa ta fito, wadda ake kira da sunan ɗan majalisa Andrew Volstead, sai suka ga ta haɗa duk abin da sinadarin bugarwa a cikinsa ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari.

Doka ce mai tsauri a baki, amma jikinta duk tsaga ne, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ta hana yi da sayarwa da safara da shigowa da ita daga waje, amma ba ta hana sha ba. A 1930 ma Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa mai saye ba shi da laifi, mai sayarwa kaɗai ake kamawa. An kuma ba mutane shekara guda cur kafin dokar ta hau, kuma duk abin da mutum ya tara a gidansa kafin ranar halaliyarsa ce. Mai kuɗi ya cika ɗakin ƙasa da akwatuna, lebura mai sayen kofi ɗaya da yamma ya wayi gari ba komai. Shugaba Warren Harding, wanda ya kaɗa wa gyaran ƙuri'a lokacin yana sanata, yana zuba wa abokan kartarsa wiski a cikin fadar shugaban ƙasa.

Ban da wannan, an bar wa likita ikon rubuta wa majiyyaci wiski a matsayin magani, ƙaramar kwalba ɗaya duk kwana goma, aka ga majiyyata sun yawaita ba tare da wata annoba ba. An bar wa coci da majami'ar Yahudawa giyar ibada, aka ga limaman ƙarya sun ɓullo da jerin sunayen mabiya da aka kwafo daga ko'ina. An bar wa magidanci ya matse 'ya'yan itace a gidansa, don kada a ɓata wa manoman tuffa rai. Wannan tsaga ta ƙarshe ita ta azurta manoman inabi na Kalifoniya, waɗanda suka zaci sun mutu sai ga shi farashin inabinsu ya ninka. Suka riƙa daskarar da ruwan inabi ya zama curi kamar bulo, a jikinsa a liƙa takardar gargaɗi mai cewa kada mai saye ya kuskura ya jiƙa shi a ruwa ya ajiye a wuri mai duhu na kusan mako uku, don kuwa zai zama giya. Ba a taɓa koyar da girki da ladabi irin wannan ba.

Wanda ya fi kowa karanta dokar da idon basira shi ne George Remus. Ɗan asalin Jamus ne da ya tashi a Shikago, ya fara da aikin kantin magani, ya koma lauya mai kare masu manyan laifuka. Da hani ya soma, ya lura cewa 'yan fasa-ƙwaurin da yake karewa, waɗanda a ganinsa ba su da wata basira, suna zaro damin kuɗi daga aljihu su biya tara ko a fuska. Sai ya zauna ya bi dokar layi-layi. Ya gano cewa miliyoyin galan na wiskin da aka yi kafin hani suna nan jibge a rumbuna ƙarƙashin hatimin gwamnati, masu su ba su da ikon sayarwa sai ga kamfanin magani mai takardar izini. Ya kuma gano cewa mafi yawan rumbunan suna kewaye da birnin Cincinnati. Ya tattara ya koma can. Ya sayi matatun barasa da arha tun da masu su sun fid da rai, ya kafa kamfanonin magani nasa, ya kafa kamfanin sufuri nasa. Kamfaninsa na magani ya sayi wiski daga matatarsa da takarda tsaf, motocinsa su ɗauko, a hanya yaransa su tare motocin su yi musu "fashi", kaya su ɓace daga littafin gwamnati su ɓulla a wata gona da ya saya a wajen gari, inda dillalai ke zuwa da tsabar kuɗi. Mutum ya saci kayansa da kansa, kuma kowane mataki da rasit. Ana ƙiyasta cewa cikin shekara uku kuɗin da suka ratsa hannunsa sun kai dala miliyan 40.

Babban kuɗin da Remus yake kashewa ba na wiski ba ne, na toshiyar baki ne. Daga baya ya shaida wa kwamitin Majalisar Dattawa cewa ya ba Jess Smith, na hannun daman Ministan Shari'a Harry Daugherty, fiye da dala dubu 250 don a bar shi ya sha iska. Kuɗin ba su hana shi shiga kurkukun Atlanta a 1924 ba. Yana ciki matarsa Imogene ta haɗa kai da wani jami'in hana barasa, Franklin Dodge, suka yi watanda da dukiyarsa. Ranar da za a saurari ƙarar rabuwarsu a watan Oktoban 1927, ya bi motarta har wani lambun shaƙatawa ya harbe ta a gaban jama'a. Ya kare kansa a kotu da hujjar taɓin hankali, masu taya alƙali hukunci suka wanke shi cikin minti goma sha tara.

Wiskin rumbu dai yana da iyaka, saura sai an shigo da shi. A lokacin, ikon Amurka a teku mil uku ne daga gaɓa, saboda haka jiragen ruwa suka riƙa yin layi a bayan wannan iyaka daura da Niyok da New Jersey, sun zama kasuwa a kan ruwa. Suna ɗauko kaya daga Nassau a tsibiran Bahamas, da ke hannun Ingila a lokacin, ko daga Saint-Pierre, wani ɗan tsibirin Faransa kusa da Kanada, inda masunta suka ajiye koma suka koma dakon akwatunan wiski. Da dare ƙananan jirage masu gudu su fito daga gaɓa su yi lodi su koma. Akwatin katako yana da nauyi da ƙara, sai aka koma ɗinke kwalba shida-shida cikin buhun algarara da ciyawa a tsakani, mai sauƙin jifa daga hannu zuwa hannu, mai sauƙin nutsewa in an hango jami'ai. Wani matuƙi, Bill McCoy, ya yi suna a wannan layi saboda ba ya surka kayansa, har aka kama jirginsa a 1923. A 1924 Amurka ta yi yarjejeniya da Ingila aka ƙara nisan da za a iya tare jirgi zuwa tafiyar awa ɗaya daga gaɓa. Abin da wannan ya haifar shi ne ƙananan 'yan kasuwa irin su McCoy suka fita, aka bar fagen ga masu jarin sayen manyan jirage da injina masu ƙarfi da na'urar oba-oba.

Ta arewa kuwa abin ya fi sauƙi. Tsakanin Detroit da garin Windsor na Kanada kogi ne da faɗinsa bai kai mil ɗaya ba a wasu wurare. Dokar Kanada ta yarda a yi barasa don fitarwa waje, saboda haka ɗan kwalekwale zai cika takarda cewa Kyuba za shi, jami'in kwastan ya buga hatimi, bayan awa biyu a gan shi ya dawo wayam yana neman wani lodin na Kyuba. In hunturu ya yi kogin ya daskare, tsofaffin motoci ake bi da su ta kan ƙanƙara, ƙofofi a buɗe saboda direba ya samu ya yi tsalle in ƙanƙarar ta fashe. Sai a 1930 Kanada ta daina ba da takardar fita zuwa Amurka, bayan kamfanoninta irin su Seagram na iyalin Bronfman sun riga sun yi ƙiba.

Duk wanda ya san harkar kan iyaka, ko ta Jibiya ce ko ta Illela, ya san mai fasa-ƙwauri ya fi son kaya marar girma mai tsada. Mota ɗaya ta wiski ta fi mota goma ta giyar kwalba kawo kuɗi, haɗarin kamu kuwa kashi ɗaya ne bisa goma. Ta haka hani ya juya Amurkawa daga giya marar ƙarfi, wadda suka fi sha kafin 1920, zuwa barasa mai zafi. Kuma kwalbar da ta tsallako ba ta isa hannun mai sha yadda ta taso. A wani ɗakin ɓoye za a mai da ita uku ko huɗu da ruwa da ɗanyen sinadari da ƙonannen sukari don launi, a zuba a kwalaben jabu masu tambarin jabu, wani lokaci har a tsoma su a ruwan gishiri don mai saye ya yarda daga teku suke.

Ɗanyen sinadarin nan shi ne wurin da labarin ya fi muni. Masana'antu suna buƙatar sinadarin barasa don fenti da turare da magunguna, kuma tun 1906 gwamnati take sa a gauraya shi da abin da zai hana shansa don a yafe masa haraji. 'Yan fasa-ƙwauri suka riƙa karkatar da shi da miliyoyin galan, suna ɗaukar masana sinadarai aiki su tace gubar. Da gwamnati ta ga haka, wajen ƙarshen 1926 ta ba da umarnin a ƙara yawan gubar, musamman methanol, wanda kaɗan daga cikinsa yake makantarwa, ƙari kaɗan ya kashe. Ta san sarai cewa mutane za su sha. A bikin Kirsimetin 1926 asibitin Bellevue na Niyok ya cika da waɗanda suka sha, kimanin talatin suka mutu a birnin cikin 'yan kwanaki. Babban likitan binciken gawa na birnin, Charles Norris, ya fito ya ɗora wa gwamnati alhakin rayukan, shi kuwa Wheeler ya ce wanda ya sha ai shi ya kashe kansa. Akwai masu ƙiyasin cewa waɗanda gurɓatacciyar barasa ta kashe kafin ƙarshen hani sun kai dubu goma. A 1930 kuma wani maganin citta mai barasa a ciki, wanda talakawan kudu suke saye a kantin magani don ya fi arha, wasu 'yan kasuwa a Boston suka surka shi da wani sinadarin masana'anta don ya tsallake gwajin gwamnati. Dubun-dubatar mutane suka shanye daga gwiwa zuwa ƙasa, da yawa har ƙarshen rayuwarsu suna jan ƙafa. Ba a ji cewa wani sanata ya makance ba. Nasu daga jakar Cassiday yake zuwa.

Shikago ta bambanta da sauran wurare saboda giyar kwalba ce jarinta, ita kuwa ba ta ɓoyuwa. Tana son babbar masana'anta da manyan motoci da ganguna, abin da ba zai yiwu ba sai ɗan sandan unguwa da shugabansa da alƙali da kansila duk sun ci. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Johnny Torrio, ubangidan Capone, shi ne ya tsara wannan, ya raba birnin yanki-yanki tsakanin ƙungiyoyi, kowa ya sayar a mashayun yankinsa. Amma cinikin da ba a iya kai ƙararsa kotu, in aka ci amanar mutum ba shi da alƙali sai bindiga. A 1924 aka harbe Dean O'Banion, shugaban 'yan arewacin birnin, a cikin shagonsa na furanni, ɗaya ya riƙe masa hannu kamar za su gaisa, sauran suka buɗe wuta. Yaransa suka rama a kan Torrio, ya sha da ƙyar, ya miƙa wa Capone ragama yana ɗan shekara 26. Hukumomi sun ƙiyasta cewa a 1927 ƙungiyar Capone ta sami kusan dala miliyan 100 daga barasa da caca da gidajen karuwai. Ranar 14 ga Fabrairu, 1929, wasu mutane, biyu a cikinsu sanye da kayan 'yan sanda, suka shiga wani gareji suka jera mutum bakwai na ɓangaren Bugs Moran, jagoran 'yan arewacin birnin a lokacin, a jikin bango suka bindige su. Abin lura a nan, mutanen sun juya fuska ga bango ba gardama, don sun ɗauka irin kamun nan ne na yau da kullum da ake kashewa da 'yan kuɗi. Ba a taɓa hukunta kowa kan wannan kisa ba. Capone kansa ba barasa ko kisa ne ya kai shi kurkuku ba. Kotun Ƙoli ta yanke a 1927 cewa kuɗin haram ma sai an biya musu haraji, masu bin littafin kuɗi suka bi ta nan, a 1931 aka ɗaure shi shekara 11 kan ƙin biyan haraji.

Su wa aka sa su tare wannan ambaliya? Jami'ai kimanin 1,500 a farko, ga ƙasa mai mutum fiye da miliyan 100 da dubban mil na gaɓar teku da iyakar ƙasa. Albashinsu bai taka kara ya karya ba, kuma shekarun farko ba ta jarrabawa ake ɗaukarsu ba, 'yan siyasa ne ke raba guraben ga yaransu. Kafin 1931 an kori kusan ɗaya cikin kowane sha biyu saboda cin hanci da makamantansa, waɗanda aka kama ke nan. Jihohi kuma suka naɗe hannu: Maryland ba ta taɓa yin dokar aiwatarwa ba, Niyok ta soke tata a 1923, har shugaban 'yan sandan birnin Niyok ya ce a 1929 akwai mashayun ɓoye dubu 32 a ƙarƙashinsa. Akwai masu gaskiya, ba a rasa ba. Izzy Einstein, wani gajere mai tumbi tsohon ma'aikacin gidan waya, yakan shiga mashaya a matsayin mai tallan kifi ko mai haƙa kabari ko mawaƙi, ya karɓi kofi ya juye a wani mazurari da ya ɗinke cikin aljihun rigarsa, wanda ke zuba cikin kwalbar shaida. Shi da abokinsa Moe Smith sun kama mutum kusan dubu biyar, aka sallame su a 1925 saboda sunansu ya fi na shugabanninsu fitowa a jarida. Nauyin dokar dai a kan ƙanana ya sauka. A wani yanki na Illinois 'yan ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan ne suka ɗauki aikin a hannunsu suna fasa gidajen baƙi 'yan Italiya, a Michigan kuwa an yanke wa wata uwa mai 'ya'ya goma ɗaurin rai-da-rai a 1928 saboda an kama ta karo na huɗu tana sayar da 'yar barasa.

Masu cewa hani bai rage komai ba su ma sun wuce gona da iri. Masana tattalin arziki Jeffrey Miron da Jeffrey Zwiebel sun ƙiyasta cewa sha ya faɗi zuwa kusan kashi 30 cikin ɗari na yadda yake a da a shekarun farko, sannan ya hau zuwa kashi 60 ko 70 da 'yan fasa-ƙwauri suka kankama. Mutuwa ta ciwon hanta ta ragu, tsohuwar mashayar maza zalla ta mutu ba ta dawo ba, kuma bayan soke dokar sai wajen shekarun 1970 shan Amurkawa ya koma yadda yake kafin hani. A garuruwan karkara inda jama'a da ma ba sa so, dokar ta zauna lafiya. Inda ta watse shi ne inda aka ɗora ta a kan mutanen da ba su ɗauki abin laifi ba, kuma waɗanda suka ɗora ta suna sha a gabansu. Malamanmu sukan kwatanta wannan da Madina, inda haramcin ya zo daki-daki cikin shekaru, ranar da ya tabbata kuwa masu sha da kansu suka tuntsurar da tulunansu a titi. Kwatancen yana da ma'ana a wuri ɗaya aƙalla: can mai saye ne ya fara janyewa.

Mu ma abin ya taɓa gefenmu a wancan zamani. Tun yarjejeniyar Brussels ta 1890 Turawa suka ware yankunan Afirka da ba za a shigar da barasar Turai ba, kuma Arewacin Najeriya na ciki. Da jirgin ƙasa ya iso Kano, kwalabe suka riƙa biyo shi a ɓoye cikin kaya. A kudu kuwa, da aka tsauwala wa barasar waje haraji kuɗi kuma suka yi wuya wajen 1930, sai dafa ogogoro ya bazu cikin fadamu, a Gana aka sami akpeteshie, wadda ba a halatta ta ba sai 1962. Methanol ɗin da ya kashe mutanen Niyok shi ne ya kashe gommai a jihohin Ondo da Ribas a 2015.

Abin da ya kashe hani a Amurka ba gawarwakin Shikago ba ne. Pauline Sabin, attajira kuma jigo a jam'iyyar Republican, ta goyi bayan dokar da farko saboda 'ya'yanta. Abin da ya juya ta shi ne ganin 'yan siyasar da ke kaɗa ƙuri'ar hani da rana suna zuwa teburinta da dare suna jiran a zuba musu. A 1929 ta kafa ƙungiyar mata masu neman a soke dokar, cikin 'yan shekaru mambobinta suka haura miliyan ɗaya, hujjar cewa duk mata suna bayan hani ta rushe. A shekarar kuma tattalin arziki ya durƙushe, harajin samu ya ƙafe, miliyoyi suka rasa aiki, gwamnati ta tuna da tsohuwar rijiyarta da ta bar wa su Capone suna sha kyauta. Attajirai irin su Pierre du Pont sun zuba kuɗi a yaƙin sokewa da fatan harajin barasa zai sauƙaƙa musu nasu. Franklin Roosevelt ya ci zaɓen 1932 da alkawarin sokewa, giya marar ƙarfi ta dawo a watan Afrilun 1933, ranar 5 ga Disamba kuma jihar Utah ta cika adadin da ake buƙata, gyara na 21 ya share na 18. Su Meyer Lansky da Lucky Luciano da Frank Costello, waɗanda suka shiga harkar suna 'yan daban unguwa, suka fito da jari da lauyoyi da sanayya a ofisoshin gwamnati, suka koma caca da ƙungiyoyin ƙwadago da miyagun ƙwayoyi.

Sokewar ta mayar wa kowace jiha ikon yin nata hukunci, wasu kuma suka ci gaba da hani. Misisipi ce ta ƙarshe. Can a lokacin barasa haramun ce a doka, amma daga 1944 jihar ta sa harajin kashi goma cikin ɗari a kan cinikin kayan da doka ta hana, 'yan fasa-ƙwauri suna zuwa suna biya ana ba su rasit, mai karɓar harajin kuma yana cire ladansa daga abin da ya tara, har ya zama cikin jami'an da suka fi kowa samu a ƙasar. Haka aka zauna fiye da shekara ashirin. A farkon 1966 'yan sandan gunduma suka kutsa wani kulob na manyan mutane a Jackson, babban birnin jihar, ana tsakiyar liyafa, suka ɓalle ƙofar ma'ajiyar barasa suka yi awon gaba da kwalabe a gaban manyan baƙi, cikinsu har da Gwamna Paul Johnson. Kafin shekarar ta ƙare majalisar jihar ta soke dokar.